Kujerata a Hagunsa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau muka dawo da shi gida. Kwana goma sha shida ya yi a asibiti, a ɗakin da na shekara goma sha tara ina aikin nas, gado na huɗu daga ƙofa. Ni da nake ce wa dangin marasa lafiya su rage kuka su je su wanke hannu, sai ga ni a kujerar roba ina jiran abokan aikina su gaya mini abin da na riga na sani. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu: hannu, ƙafa, da rabin fuska. Magana tana fita, sai dai a jaye.

Metron, shugabarmu a wurin aiki, ta ba ni hutun wata biyu. Ita ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta awon jininsa da abin da ya ci. To ga littafin. In na rubuta abin da ya wuce haka, ba ita za ta karanta ba.

Tun jiya na gyara falo. Dogo, abokin da suke shagon aski tare, ya zo da maƙwabcinmu suka fito da ƙaramin gado. Na sa suka tura shi har gefensa na dama ya kusa manne da bango, abin da ya rage bai fi kamu biyu ba. Ƙofa, tebur, rediyo, kofin ruwa, kujerata, duk a hagu. Dogo ya ce, "Sista, ba za ki bar masa ruwan ta inda hannunsa ke aiki ba?" Na yi masa bayani yadda nake yi wa ɗalibai. Mai irin wannan ciwo ba ƙarfi kawai yake rasawa ba, mantawa yake yi yana da hagu. Idonsa lafiya lau, amma abin da ke wancan gefen ƙwaƙwalwarsa ba ta kula shi. In ka bi shi ta dama, ka taya shi mantuwa. Dole komai ya zo masa ta hagu har ya koyi juyowa. Dogo ya ce, "To, ku ne masana."

Jini 150 bisa 90. Ya ci rabin faranti, rabin da ke dama.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na tsara ranar yadda muke yi a wurin aiki. Ƙarfe shida awon jini, a hannun dama, don ba a ɗaura wa shanyayyen hannu. Shida da rabi wanka a gado. Bakwai shayi da burodi, kai a ɗan sunkuye kada ya ƙware. Juyi duk bayan awa biyu. Na manna takardar a jikin ƙofa.

Da na gama yi masa wanka ina cire safar hannu, sai ya ce, "Na gode, Sista."

Shekara ashirin da huɗu muna tare, bai taɓa ce mini Sista ba sai in yana so ya ja ni faɗa. In na hana shi gishiri, ya sara mini kamar soja ya ce, "An gama, Sista." Yau babu sarawa, babu tsokana. Godiya ce tsantsa irin wadda baƙo yake yi.

Na ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari yau." Da muryar aiki na faɗa. Na ji ta da kunnena, na kasa tsayar da ita.

Alhamis, 6 ga wata, shida da kwata na yamma

Daga biyar zuwa shida lokacina ne, ba ya cikin takardar jikin ƙofa. Nakan zauna a kujerata in ɗauko hannunsa na hagu in ɗora a cinyata, in shafa masa mai, in buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Babu safar hannu. Da wannan hannun yake tallafe kan mutane in yana aski, ya karkata shi yadda yake so, babu mai yi masa musu. Ni ma haka yake yi mini in ina masifa. Ya sa yatsa biyu a haɓata ya juyar da fuskata, ya ce, "Tsaya, wannan gefen bai yi daidai ba." Sai dariya ta ƙwace mini, masifar ta lalace.

Yanzu hannun nauyi ne kawai da ɗumi. Shi kuma fuskarsa tana bango. Na san dalili, ni nake koya wa mutane dalilin. Amma sani daban, zaman awa guda kina kallon ƙeyar mijinki daban.

Bai juyo ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ta zo, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi. Bakinta ba linzami, jikinta kuma ya yi biyuna. Na ja mata kujera ta hagu, na fara bayani. Ko rabi ban kai ba ta ce, "Ke matar ƙanina, ni inda yake kallo zan zauna." Ta tattare zane, ta matsa kanta tsakanin gado da bango har gadon ya yi ƙara, ta zauna a bakin katifa.

Ya yi mata hira. Ya tambaye ta jikokinta, ya tambaye ta gwiwarta. Har dariya ya yi, a karkace, amma dariya ce. Miyau ya zubo ta gefen bakinsa na hagu. Ni nakan goge masa ne shiru, don ba ya ji, ba na so ya sani. Ita kuwa ta cusa masa hankici a hannun dama ta ce, "Goge bakinka, Ɗan'auta, ba ni ce uwarka ba." Ya goge.

Ina tsaye riƙe da kofin magani, kishi ya turnuƙe ni. Kishin tsohuwa mai ciwon gwiwa! Allah ya shirye ni.

Asabar, 8 ga wata, tara na safe

Jini 146 bisa 88. Ina kewar muryarsa, alhali ga shi a falo.

Litinin, 10 ga wata, sha biyu na rana

Na gwada shi da auduga da bakin allura, daga yatsu har kafaɗa, idonsa a rufe. Bai ji ba, ko sau ɗaya. Ƙafar ta fi alamar dawowa, mai koya masa motsa jiki ya ce nan da mako biyu zai iya tsayuwa in an riƙe shi.

Na wanke labulen falo. Na wanke na ɗaki ma, duk da ba su yi datti ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Da safe ya ce a ba shi madubi da reza. Na yi murna har na kusa tuntuɓe da tebur. A wurin aiki in majinyaci ya nemi madubi mukan ce ya fara dawowa. Na kira Dogo a waya ya kawo masa rezarsa ta shago, mai baƙin mariƙi, da buroshin kumfa.

Muka jingina shi da matasai, Dogo ya riƙe madubin. Hannunsa na dama yana nan yadda na san shi. Ya bi kuncin a hankali, ya gyara gefen gashin baki, ya fitar da layi tsaf. Ya goge rezar a tawul, ya ninke ta, ya ce, "Shi ke nan."

Rabin fuskarsa na hagu yana nan da kumfa, gemun kwana ashirin da wani abu a ƙarƙashi.

Da na yi shiru na ɗan lokaci. Da na ce wa Dogo ya je ya ɗebo ruwa. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Saura hagu. Juyo, bi yatsana, yawwa, juyo." Ya bi yatsan a hankali har ya gani. Ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya shekara talatin ba ya barin kowa ya tashi daga kujerarsa da gashi ɗaya a tsaye.

Dogo ya ce, "Haba mutumina, ai ko ni wani lokaci…" Bai ƙarasa ba, don ƙarya ce.

Ya miƙa wa Dogo rezar ya ce, "Ka riƙe ta." Ya ce in fitar da madubin daga falo.

Ni na ƙarasa masa askin bayan Dogo ya tafi, da rezar roba ta kanti. Da gangan na riƙe ta a karkace, na bi gashin ta inda ba a bi. A da ko almakashin kicin na ɗauka sai ya yi mini lacca. Na jira ya ce, "Wa ya koya miki wannan ɓarna?" Ya rufe ido ya bar ni na gama.

Juma'a, 14 ga wata, shida da rabi na yamma

Bai juyo ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar saura na yamma

Metron ta zo dubiya da lemo da ayaba. Ta zagaya falon da ido, ta karanta takardar jikin ƙofa, ta ɗaga zanin gado ta duba duga-dugansa. Ta ce, "Ko ɗigon ciwon kwanciya babu. Wallahi in da hali da na kawo ɗalibai su ga yadda ake yi. Kamar a littafi." Ta juya gare shi ta ɗaga murya, "Maigida, ka yi sa'ar mata fa!"

Ya ce, "Ƙwarai. Ta iya aikinta."

Na raka ta bakin titi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki daina sa abin nan a ranki. Kowa zai iya yin haka." Na ce mata motarta ta iso.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na bar shi da Yaya na je asibiti karɓo magani. Hanyar ɗakin magani dole sai ta gaban allon sanarwa. Takardar tana nan, ni na manna ta da hannuna bara, ni na zana jan layi a ƙarƙashi. Fuska ta karkace, hannu ya yi nauyi, magana ta jaye, kada a jira, a taho asibiti. Na bi ta bayan ɗakin wanki na zagaya.

Awa huɗu. Ranar da ciwon ya same shi, daga bakwai saura na safe da na fita, zuwa sha ɗaya da Dogo ya ga bai zo shago ba ya biyo sawu. Likita ya fara cewa, "Da an kawo shi tun…" sai ya tuna da wa yake magana, ya koma duba fayil.

Kofuna shida muke da su masu zanen shuɗi. Yanzu biyar ne. Ni na share na shidan da tsintsiya a safiyar ranar, bayan ya suɓuce masa, ina kallon agogo, ina ce masa tsufa ya fara.

Ba zan rubuta wannan ba.

Laraba, 19 ga wata, shida da kwata na yamma

Ina tsakiyar shafa masa hannu, ɗakin shiru sai ƙarar fanka, ya ce da bango, "Sista, kina nan?"

Na ce, "Ina nan mana. Ina zan je?"

Ya ce, "To."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Na matse yatsunsa, na ɗora kuncina a bayan hannun. Ina so in ce masa ina kewarsa, amma ta yaya ake gaya wa mutumin da kike yi wa wanka kullum cewa kina kewarsa? Ƙarfe shida ta yi, na tashi na ɗora ruwan zafi.

Juma'a, 21 ga wata, sha ɗaya na safe

Ya ƙi motsa jiki. Mai koyarwar ya lallaɓa shi, ya ce ƙafar nan ta kusa, kada a bari ta sake yin sanyi. Ya ce, "In tsaya in je ina?" Mutumin ya ce, "Shago mana, mutane suna jiranka." Ya ce, "Wa zai ba mai rabin ido kansa?"

Na shiga da nawa. Na lissafa masa waɗanda na gani sun tashi, direban da ya koma tuƙi, malamar da ta koma aji. Na ce mutuncinsa yana nan, darajarsa tana nan. Kalmomin da nake faɗa wa gado na huɗu da gado na tara, su na faɗa masa, a jere, ban tsallake ko ɗaya ba. A asibiti suna aiki. Shi ya saurara har na gama, ya ce, "Lokacin juyi ya yi, ko?"

Na sa safar hannu na juya shi.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yaya ta same ni a kicin ta ja ƙofa. Ta ce, "Zauna." A gidana ake ce mini in zauna, kuma na zauna.

Ta ce ya roƙe ta ta ɗauke shi ya koma gidanta. Tana da ɗaki a ƙasa, ba hawa bene. Surukinta zai kawo mota ranar Asabar da safe.

Na ce, "Na yi masa wani abu ne?"

Ta ce, "Ni ma na tambaye shi. Ya ce babu abin da kika rage shi da shi. Ya ce kin gaji, ki koma aikinki, can ma marasa lafiya ne, can ma ana bukatarki."

Na ce, "Na kwana nawa?"

Ta kalli tukunya. Ta ce, "Bai ce ba."

Na san gidan Yaya. Rana ɗaya za su ɗora shi a tabarma a ba shi komai ta dama, a cika masa miya da gishiri, hannun ya ƙandare. Wannan na gaya mata. Ta ce, "Ke dai ba ki da magana sai ta hannu da ƙafa." Ta buɗe ƙofa ta koma wajensa, na ji gadon ya yi ƙara.

Litinin, 24 ga wata, bakwai na safe

Ya tuna ne. Na san ya tuna. Wa zai so ya buɗe ido kullum ya ga wadda ta tsallake shi ta tafi kama mota?

Litinin ɗin dai, azahar ta wuce

'Yarmu ta kira daga garin da take aure. Ta ce, "Umma, ke da Abba lafiya kuwa? Ya ce mini zai koma gidan Gwaggo." Na ce canjin iska ne, likitoci suna so. Ta ce, "Umma, ni ce fa." Na ce abinci yana ƙonewa.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na fito da jakar tafiya. Riguna shida masu faɗin hannu, wanduna masu roba, ƙaramin matashin da nake sa masa a ƙarƙashin kafaɗa. Na ɗauko rigarsa ta shago, farar nan mai aljihu biyu, don in mayar da ita ƙasan durowa. Har yanzu tana ƙanshin hodar aski. Na zauna a ƙasa da ita na ci kuka na ƙoshi, fanfo a buɗe kada ya ji.

Abin da nake kewa ba wani babban abu ba ne. Faɗan rediyo da safe, shi labarai ni waƙa. Yadda yake raka ni tasha in ina aikin safe, ya bi ta gefen titi ya bar mini gefen kwata, wai mota ta fi kwata haɗari. Yadda yake kallon kan kowane namiji a hanya ya ce, "Wannan an cuce shi." Ina so ya ce shinkafata ta caɓe. Wallahi yau da gangan na caɓa ta. Ya ci rabi ya ce an gode.

Alhamis, 27 ga wata, goma na safe

Na rubuta wa Yaya takarda shafi biyu. Lokutan magani, yadda ake ɗaga shi ba a ja hannun ba, abin da za ta yi in ya ƙware. A sama na rubuta da manyan baƙi, a zauna ta hagunsa. Ta karanta layin farko ta ninke ta cusa a jaka. Ta ce, "Ni ba asibiti zan buɗe ba."

Jini 138 bisa 84. Ya yi kyau. Komai nasa yana kyau a littafin nan.

Juma'a, 28 ga wata, bakwai saura na yamma

Na yi ta maza na faɗa. Ina kujerata, shi yana kallon bangonsa. Na ce, "Maigida, ka yafe mini ranar nan. Da kofin ya faɗi, da ka ce hannunka ya yi nauyi. Ni ce ya kamata in gane kafin kowa."

Sai ya ce, "Wane kofi?"

Na ce, "Na shayi. Da safen."

Ya ce, "Ni abin da na sani, na kwanta ranar Asabar, na farka na ga likita yana haska mini fitila a ido. Kofi kuma ai ya saba faɗuwa." Ya ɗan tsaya ya huta, don doguwar magana tana gajiyar da shi. "In wannan ne, ki bar shi."

Kwana arba'in da wani abu ina ɗauke da wannan abu, shi ko labarinsa ba shi da shi. Ya kamata in ji sauƙi. Ban ji ba. In ba don wannan ba ne, to don me zai tafi?

Mota gobe ƙarfe tara.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na yi masa wanka, na sa masa rigar fita, na ajiye jaka a bakin ƙofa. Takwas da rabi babu sauran abin yi. Na zauna a kujerata na ɗauko hannun na ɗora a cinyata. Ban ma ɗauko mai ba, riƙewa kawai na yi.

Ya ce da bango, "Zan tambaye ki abu ɗaya. Kada ki ba ni amsar asibiti."

Na ce to.

Ya ce, "Ƙyamata kike yi?"

Ya ci gaba, kalma ɗaya bayan ɗaya, yana kokawa da harshensa. "Ba laifinki ba ne. Na ga fuskar a madubi. Ga miyau, ga sauran abin da kike kwashewa. Amma tun da na faɗi ba ki taɓa ni ba. Sai da safar roba. Ko ki ɗaura mini abin awon jini, ki cire, ki rubuta. Yaya tana dukana a kafaɗa. Dogo yana ba ni hannu. Ke kuwa…"

Na ce, "Yanzu haka hannunka yana cikin nawa."

Sai na ga wuyansa ya fara motsi. Ban ce masa bi yatsana ba, ban ce yawwa ba. Shi kaɗai ya juyo, a hankali, ya wuce fanka, ya wuce ƙofa, ya sauke ido a cinyata. Ya ga yatsuna a sarƙe cikin nasa.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Kullum. Biyar zuwa shida. A asibiti ma haka."

Ya ce, "Ni ina jin numfashinki dai a bayana. Na ɗauka zaman gadi kike yi, kina jiran lokacin magani." Ya kalli hannun kamar na wani. "Wannan ba ya kawo mini labarin komai."

Ni na gwada shi da auduga. Ni na gwada shi da allura. Ga shi a littafin nan da rubutuna, bai ji ba ko sau ɗaya. Na rubuta, na rufe littafin, na koma na ci gaba da zuba duk son da nake masa a hannun da ba ya ji. Shekara goma sha tara ina aiki.

Ya ce, "Shekara ashirin da huɗu a damata kike kwana. Rana ɗaya kika tashi kika ba bango wurinki."

Na ajiye hannun a kan matashi yadda ya kamata, wannan dai ba zan iya bari ba. Na zagaya ta ƙafar gado. Wurin ya yi mini kaɗan, ƙuguna ya maƙale tsakanin ƙarfe da bango. Ya ce, "Yaya ta shiga, ke ce ba za ki shiga ba?" Na sa gwiwa na ture gadon, rediyo ya faɗo daga tebur, ban waiwaya ba.

Daga nan fuskarsa daban take. Idon nan da na sani, yana kallona kai tsaye. Na manta rabon da in gan shi ta gaba ba ina duba wani abu ba. Ya miƙo hannun dama ya kama nawa. Kantar almakashi tana nan a babban yatsansa. Ya matse har zobena ya shige mini nama, ban ce masa ya sassauta ba. Na kifa kai a kafaɗarsa ina kuka, ina ce masa na yi kewarsa, na yi kewarsa. Ya ce, "To ki daina jiƙa mini rigar fita."

Mota ta yi oda a waje. Sai takun Yaya, sai bugun ƙofa. "Matar ƙanina! Ku buɗe mana, gwiwata!"

Na ce, "Sake ni in buɗe mata."

Ya ƙara matsewa. Ya ce, "Bar ta ta buga. In ta gaji ta koma da motarta, ni ba inda za ni."

Ta yi ta bugawa tana kiran sunana. Ban tashi ba.